Ruwan Zafi a Bakin Riyo Girande: Bayani a kan Maɓuɓɓugar Gandun Big Bend

Harshen Hausa yana da kalmomi da dama da ake kiran ruwan da ke fitowa daga ƙasa da kansa, ba tare da an haƙa ba. Akwai maɓuɓɓuga, wadda ta samo sunanta daga aikatau ɓuɓɓuga, akwai idon ruwa, akwai kuma marmaro, wanda galibi akan faɗa wa ruwan da ke tsattsafowa daga jikin dutse. Amma idan ruwan ya fito da zafi, dole sai an yi wa kalmar ƙari, a ce maɓuɓɓugar ruwan zafi ko ta ruwan ɗumi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin harshe ba ya raɗa wa abu suna na kansa sai masu harshen sun saba da abin, irin wannan ruwa kuwa bai yawaita a ƙasar Hausa ba. Wanda aka fi sani shi ne Wikki, a gandun dajin Yankari ta Jihar Bauci, wanda ɗuminsa yake digiri 31 a ma'aunin Salsiyas dare da rana, rani da damina. Waɗanda suka san ƙasar Azbin kuma sun san Tafadek, arewa da Agadas, inda mutane kan je su yi kwanaki suna wanka don neman lafiya.

Wannan lacca ta shafi wata maɓuɓɓuga ce irin waɗannan, amma mai nisa ƙwarai, a kudu maso yammacin Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, cikin gandun da ake kira Big Bend. Abin da ya sa ta cancanci a tsaya a kanta shi ne wurin da Allah ya ajiye ta. Tana tsakiyar hamada, tana kuma manne da bakin wani babban kogi wanda shi ne iyakar ƙasashe biyu. Maɓuɓɓugar ƙarama ce, kogin kuwa sunansa ma babba ne. Duk da haka, wanda ya bi tarihinsu zai ga cewa ƙaramar ce ba ta saɓa alkawari, babban shi ne yake neman gazawa.

Wurin da yadda ake isa gare shi

Kogin da ake magana shi ne Riyo Girande, watau babban kogi da Sifaniyanci, ko da yake mutanen Meziko ba haka suke kiransa ba, su Riyo Birabo suke ce masa. Ya taso daga duwatsun Jihar Kolorado, ya yi tafiyar kimanin kilomita 3,000 kafin ya faɗa Tekun Meziko, kuma wajen kilomita 2,000 na wannan tafiya shi ne kan iyaka tsakanin Amurka da Meziko, tun yarjejeniyar 1848 wadda ta kawo ƙarshen yaƙin ƙasashen biyu. A wani wuri kogin yana gangarawa kudu maso gabas sai ya yi wata babbar kwana ya nufi arewa maso gabas. Wannan kwana ita ce ma'anar Big Bend. Ƙasar da ke cikin lungun kwanar ita gwamnatin tarayyar Amurka ta mayar gandun ƙasa a ran 12 ga Yuni, 1944. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 3,200 da ɗoriya, watau ya fi Yankari da kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma kogin ya bi gefensa na kudu har tsawon kilomita 190.

Kada kalmar gandun daji ta ruɗi mai sauraro, ya zaci kurmi ne. Wurin ɓangare ne na hamadar Ciwawa, kuma ruwan saman da kwarin kogin ke samu a shekara bai kai rabin na Kano ba. Haka kuma kada kalmar hamada ta sa a zaci tudun rairayi irin na Tenere. Fako ne na tsakuwa da duwatsu da kwazazzabai, da tsire-tsire masu ƙaya dangin ƙyarana, da gajerun itatuwa masu ƙananan ganye. A tsakiyar gandun akwai duwatsun Cisos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 2,300, can ne kawai ake samun inuwar kirki da sanyi.

Zuwa wurin sai da niyya. Daga Marathon, ɗaya daga cikin garuruwa mafi kusa, sai an yi kimanin kilomita 110 kafin a kai hedkwatar gandun. Daga nan a ɗauki hanyar da ta nufi zangon da ake kira Ƙauyen Riyo Girande, mai nisan kilomita 32, amma kafin a kai sai a saki kwalta a bi wata hanyar burji ta kimanin kilomita 3, wadda ta gangara cikin kwazazzabo, ta kuma matse a wasu wurare har ba a yarda manyan motoci su shiga ba. Inda hanyar ta ƙare nan ake ajiye mota, sauran kuwa tafiyar ƙafa ce ta kimanin mita 400. Tafiyar gajera ce, amma wanda ya yi ta a guje ya yi asara. Zai wuce wani tsohon kanti na dutse wanda dā shi ne gidan waya, da jerin ɗakunan baƙi da babu kowa a ciki, sa'an nan hanya ta shiga tsakanin wani bangon dutse a hagu da kyauron bakin kogi a dama. A jikin bangon akwai zane-zane da jan launi waɗanda mutanen farko na ƙasar suka bari, a samansu kuma ga sheƙunan laka na tsattsewa. Waɗannan zane-zane su ne shaida ta farko cewa ba Bature ne ya gano ruwan nan ba.

Ita maɓuɓɓugar kanta, wanda ya zo da tunanin Wikki zai iya raina ta. Ba tafki ba ce da za a yi iyo a ciki. Harsashin wani tsohon ɗakin wanka ne wanda ya daɗe da rushewa, sai gajeren bango na dutse mai kusurwa huɗu ya saura, girmansa kamar na ɗaki madaidaici. Ruwa yana ɓuɓɓugowa a ciki, ya cika shi, ya malala ta kan bangon ya zuba a kogi. Zafinsa digiri 105 ne a ma'aunin Faranhait, watau digiri 40 da rabi a na Salsiyas, ya ɗara zafin jikin mutum da digiri uku zuwa huɗu. Mutum na zaune cikin ruwan zafi garai-garai, idan ya miƙa hannu ta kan bango sai ya taɓa ruwan kogi mai sanyi da laka. Idan ya ɗaga kai kuwa, gaɓar da yake kallo ƙasar Meziko ce, kuma yaro ma zai iya jefa dutse ya kai.

Daga ina zafin yake?

Yawancin mutane da sun ji an ce ruwan zafi daga ƙasa sai su ce akwai dutse mai aman wuta a kusa. A wasu ƙasashe haka ne, amma ba a nan ba. Gaskiya ne duwatsun Cisos aman wuta ne ya haife su, sai dai wutar ta mutu tun kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce. Dalilin zafin ya fi haka sauƙi. Ita ƙasa, iyakar nitsawar mutum cikinta iyakar ƙaruwar zafi, kuma a matsakaicin lissafi kowace kilomita guda ta zurfi tana ƙara digiri 25 zuwa 30. Masu haƙar ma'adinai a ramuka masu zurfi sun san wannan da jikinsu. To, ruwan sama da ya sauka a kan tuddai yakan tsotse ta tsagogin dutse, ya yi ta nitsawa sannu a hankali, yana ɗaukar zafin duwatsun da yake ratsawa. In ya ci karo da wata babbar tsaga wadda ta miƙe zuwa sama, nauyin ruwan da ke bayansa sai ya turo shi, ya fito da sauri kafin ya huce. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: in an ɗauka matsakaicin zafin saman ƙasa a wurin digiri 20 ne ko sama kaɗan, ruwan yana bukatar ƙarin digiri 20, watau sai ya nitsa aƙalla mita 700 ko makamancin haka.

Dutsen da ruwan ke ratsawa farin dutse ne, irin wanda ake siminti da shi a Ashaka da Kalambaina. Asalinsa laka ce da ɓawon halittun ruwa da suka taru a ƙarƙashin wani teku da ya rufe yankin kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce, shi ya sa mai lura zai ga bangon da ke gefen hanya jere yake falle-falle kamar littafi, a wasu fallayen ma har da sawun ƙumba. Irin wannan dutse ruwa yana cinsa a hankali, yana faɗaɗa tsagoginsa, yana kuma kwaso gishirinsa. Saboda haka ruwan maɓuɓɓugar yana ɗauke da alli, da gishirin ci, da gishirin salfet iri biyu, da ɗan sinadarin litiyam.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne lokaci. Ruwan da ke fitowa yau ba na daminar bara ba ne, ba kuma na shekarun kusa ba, ya daɗe ƙwarai yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ne ya sa zafinsa ba ya sauyawa da sauyin yanayi, kuma farin shekara guda ba ya tsayar da shi. Amma wannan alheri yana da ɗaya fuskar. Ruwan da ya daɗe kafin ya taru, in aka kwashe shi da rijiyoyin burtsatse fiye da yadda yake taruwa, ba za a ga illar nan da nan ba, in kuma ta bayyana ba za a gyara ta cikin rayuwar mutum ɗaya ba.

Langford da batun magani

Sunan da ya fi danganta da wurin shi ne na J. O. Langford, mutumin Jihar Misisipi, wanda zazzaɓin cizon sauro ya nakasa tun yana yaro. A 1909, yana yawon neman lafiya a yammacin Teksas, ya ji ana hirar wannan ruwa a wani masauki a garin Alpine, aka kuma ce filin na gwamnatin jiha ne, ana sayarwa ga wanda zai zauna a kai. Ya nemi filin tun bai gan shi ba, aka ba shi. Ya ɗauki matarsa mai juna biyu da 'yarsu ƙarama, suka yi kwana 11 a keken doki kafin su isa. Ya yi kwana 21 yana wanka da ruwan yana kuma shansa, ya ce ya warke sarai. Daga nan ya sa wani magini Bajamushe ya gina ɗakin wanka a kan maɓuɓɓugar, wanda harsashinsa ne ake zama a ciki yau, ya shiga karɓar santi 10 a rana, ko dala 2 a kan cikakken wankan kwana 21.

Shin ruwan ne ya warkar da shi? Langford ba maƙaryaci ba ne, ya zo da ciwo ya kuma sami sauƙi, abin da ya gani ya faɗa. Amma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini da hanta take zaune, an gano ta tun 1880, an kuma tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa ta. Wanka da ruwa mai digiri 40 ba ya kashe ta. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne, mutumin ya bar ƙasar fadama inda sauro ke sake zuba masa cutar kowace shekara, ya koma busasshiyar ƙasa, ya sami hutu da iska mai kyau, jikinsa ya farfaɗo. Ba za a ce ruwan zafi ba ya komai ba. Yana sassauta jijiyoyi, yana rage ciwon gaɓoɓi na ɗan lokaci, yana sa barci. Sai dai tsakanin sauƙi da waraka akwai rata, kuma a cikin wannan rata ne masu tallar magani a kowace ƙasa suke cin abincinsu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi batun maganin nauyi. Da Langford ya iso da takardarsa, sai ya tarar da wani manomi mai suna Cleofas Natividad zaune a filin da matarsa da 'ya'yansu goma, suna noma a bakin kogi. A idon doka su ne masu zaman kara-zube, shi ne mai ƙasa. A idon gaskiya kuwa shi ne baƙo. Langford ya bar su suka ci gaba da zama, suka taimake shi gina gidansa, kuma a littafin da ya fitar a 1952 game da zamansa a wurin ya yaba maƙwabtakarsu. Ya kyauta, amma ma'aikacin ofishin filaye da ke sauraro zai gane matsalar: an ba wani takardar mallaka a ofis mai nisa ba tare da kowa ya je ya duba ko da mutane a wurin ba, sai ya zama zaman iyali guda ya rataya a kan kirkin mutum ɗaya.

Juyin juya halin Meziko da ya ɓarke a 1910 ya jawo rashin tsaro a kan iyaka, har iyalin suka tashi bayan 'yan shekaru, ba su dawo ba sai 1927. A wannan zuwa na biyu ne aka gina kanti da ɗakunan baƙi, domin a lokacin mota ta fara kawo masu ziyara. A 1942 Langford ya sayar wa Jihar Teksas filin, ita kuma ta haɗa shi cikin ƙasar da ta miƙa wa tarayya. Wata mata, Maggy Smith, ta ci gaba da riƙe kantin har farkon shekarun 1950, tana ciniki da mutanen gaɓa biyu, tana karɓar haihuwa, tana ba da magani. Bayanta aka rufe.

Kogin da ke janyewa

Wanda ya zauna a maɓuɓɓugar yana kallon kogi zai zaci ruwan duwatsun Kolorado ne ke wucewa ta gabansa. Galibi ba shi ba ne. Tun da aka gama madatsar Elephant Butte a Jihar Sabuwar Meziko a 1916, aka kuma ƙara wasu, gonaki da birane suke shanye ruwan arewa kusan ƙaf, har ya zama daga ƙasa da birnin El Paso akwai doguwar tazara da kogin yake kusan ƙafewa. Abin da ke rayar da shi shi ne wani reshe mai suna Koncos, wanda ya taso daga Jihar Ciwawa ta Meziko ya shigo a daidai garin Presidio. Mafi yawan ruwan da ke ratsa Big Bend daga nan yake. Shi ma Koncos ɗin an datse shi don noman rani.

A 1944, shekarar da aka kafa gandun, ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwa, wadda ta wajabta wa Meziko ta sako wa Amurka kimanin mita miliyan 430 mai cunkus a shekara daga rassa shida, ana yin lissafin duk bayan shekara biyar. A takarda abin ya tsaru. A shekarun fari kuwa rigima ce. A 2020 manoman Ciwawa suka mamaye madatsar La Boquilla don hana a saki ruwan, har aka yi asarar rai. Abin lura shi ne, yarjejeniyar ta raba ruwa tsakanin ƙasa da ƙasa, ba ta ware wa kogin kansa ko ɗigo ba. A 2003, da kuma 2022, kogin ya daina gudu a wasu sassa na cikin gandun, mutane suka taka busasshen yashi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ga wanda ya san abin da ya sami fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wannan labari ba baƙo ba ne. Har ma da ciyawar: yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a can, haka wani baƙon kyauro da wata baƙuwar itaciya mai son gishiri suka cika gaɓar Riyo Girande, suna kama laka, kogin yana ƙara tsukewa saboda babu isasshiyar ambaliya da za ta share su.

A nan ne darajar maɓuɓɓugar take fitowa. Ba ita kaɗai ba ce. Tun daga wannan yanki har zuwa kwazazzaban da ke gabas da gandun, akwai jerin maɓuɓɓugai, masu ɗumi da marasa ɗumi, da ke zuba cikin kogin, wasu ma a ƙarƙashin ruwa suke ba a ganinsu. Idan rani ya tsananta, ruwan sama ya janye, su ne suke riƙe kogin, suna ƙara masa yawa, suna kuma sirka gishirin da ya kwaso daga gonakin da ya ratso. Ɗan ruwan da ke malala ta kan tsohon bangon Langford, wanda baƙo zai ɗauka ɓarna ce, aiki yake yi.

Misalin da ya fi nuna nauyin waɗannan ƙananan ruwaye shi ne na wani kifi da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda masana suke kira Gambusia gaigei. A duk duniya ba a san shi a daji ba sai a kududdufan maɓuɓɓugai masu ɗumi da ke kusa da Ƙauyen Riyo Girande, 'yan kilomitoci gabas da wurin wankan. Maɓuɓɓugar da aka fara samunsa a ciki ta ƙafe a shekarun 1950, a ɗayar kuma wani danginsa da ya fi shi ƙarfi ya mamaye shi. Aka kwashe kaɗan don a tsare su, suka yi ta mutuwa, har saura uku, maza biyu da mace ɗaya. Duk wanda ke raye a yau daga waɗannan uku ya fito. Tun 1967 yake cikin jerin halittun da Amurka ta ce suna bakin ƙarewa. Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan kifin da ba a ci? Amsar ita ce, ranar da kududdufinsa ya ƙafe, ba shi kaɗai ne ya shiga uku ba, alama ce ta abin da ke faruwa da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda mutanen wurin ma shi suke sha.

Gaɓa biyu

A bisa yarjejeniya, iyaka tana bin tsakiyar inda kogin ya fi zurfi. A lokacin rani kuwa wannan zurfi ba ya wuce gwiwa a wurare da yawa. Shekara da shekaru mutanen gaɓa biyu suna ƙetarawa yadda suka ga dama, baƙi ma kan shiga kwalekwale su je ƙauyen Bokiyas da ke ɓangaren Meziko su ci abinci su dawo. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, aka rufe mashigar a 2002. Ƙauyen, wanda kusan duk abincinsa daga baƙin gandun yake, ya durƙushe, iyalai da yawa suka tashi. Sai a Afrilun 2013 aka sake buɗewa, da ofis da fasfo. Mutanen Illela da Ƙonni, ko na Jibiya da Maraɗi, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da rufe iyaka ke yi wa garin da rabin cinikinsa da danginsa suke ɗaya gefen.

Wannan ne ya sa mai ziyara kan ga sanduna masu ado da 'yan kunamu na waya a jere a kan dutse kusa da hanya, da gwangwanin saka kuɗi, babu mai kaya a wurin. Yana can ƙetare yana kallo. Hukumar gandun ta ce sayen irin wannan kaya ya saɓa wa doka, ana iya ƙwace shi, wanda ke so ya saya a Bokiyas ko a kantunan gandun. Haka nan taka ɗaya gaɓar daga wurin wanka, ko da wasa ne, laifi ne.

Abin da ya kamata mai ziyara ya sani

Dokokin wurin kaɗan ne: ba a shiga da sabulu ko mai, ba a kawo giya ko kwalba, ba a wanka tsirara, ba a kwana, ba a kuma taɓa zanen da ke jikin dutse. Dalilin hana sabulu a fili yake, tunda duk abin da ya shiga kwamin a kogi zai ƙare.

Haɗarin da ya fi girma ba a cikin ruwa yake ba, a sama yake. Daga Mayu zuwa Satumba zafin kwarin kogin kan wuce digiri 43, a Yunin 2023 ma ya kai 48, ranar da wani yaro ɗan shekara 14 ya rasu a wata hanyar ƙafa ta wannan sashe na gandun, mijin mahaifiyarsa kuma ya rasu a haɗarin mota yana gaggawar neman taimako. Shiga ruwan zafi a irin wannan rana ganganci ne, domin jiki yana zubar da gumi a cikin ruwa ba tare da mutum ya sani ba, jijiyoyin jini suna buɗewa, in ya miƙe tsaye farat ɗaya jiri na iya kayar da shi a kan dutse. Hukumar gandun tana ba da shawarar lita 4 na ruwan sha ga kowane mutum a rana. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, ya fi musu su taƙaita ko su haƙura. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, da sassafe, sa'ad da tururi ke tashi daga kwamin, taron mutane kuma bai iso ba, domin gandun da dā ba a cika zuwa ba ya karɓi baƙi fiye da 500,000 a 2021, kwamin kuwa bai ƙara faɗi ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafi kowane ruwan ɗumi na daji, ko a Teksas ko a wani wuri: kada a nitsar da kai. Wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri tana son ruwa mai ɗumi, ta hanci take shiga ta kai ga ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, amma waɗanda suka kamu kaɗan ne suka tsira. Iyo a kogin ma hukuma ba ta ba da shawararsa ba, saboda ramuka da igiyar ruwa da laka ke ɓoyewa, da kuma dattin da ya kwaso daga nesa.

Daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba, lokacin da hadari ke sauka a yankin, ana iya yin duk wannan doguwar tafiya a tarar babu maɓuɓɓugar. Ruwan da aka yi a wani kwazazzabo mai nisa, ko wanda aka sako daga madatsun Koncos kamar yadda ya faru a babbar ambaliyar Satumban 2008, yakan ɗaga kogin ya haye gajeren bangon ya shafe kwamin, ba a ganin komai sai jan ruwa yana wucewa. Saboda haka ake tambayar ma'aikatan gandun halin kogi da na hanya kafin a gangara. Idan ruwan ya janye, yakan bar kwamin cike da yashi da taɓo, ruwan zafi yana tsattsafowa ta cikinsu, waɗanda suka fara isowa kuma su ne suke durƙusawa su kwashe da hannu kafin su sami wurin zama.